Sallau da Ɗakin da Gara ta Ci

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da fatake ke tafiya da jakuna, sunansa Sallau. Sunan garin ba zai ƙare mu da komai ba, mu bar shi. Ku dai matso kusa, na baya ku rage hira, ku saurara.

Shi wannan bawan Allah ba malami ba ne, ba kuma mai dukiya ba. Ɗan yaɓe ne, mai shafen farar ƙasa. Amma akwai aikin da aka fi saninsa da shi. Idan mutum ya tashi sayar da gidansa, dillalin garin, wani mai suna Nagoma, sai ya aika a kira Sallau tun kafin a kawo mai saye. Sallau ya shiga gidan, ya kwashe tarkace, ya share, ya toshe ramukan ɓera, ya gyara daɓe inda ya farfashe, ya bi bango da farar ƙasa. Sannan ya tsara 'yan kayan da suka rage, tabarma a nan, randa can gindin bishiya, buzu a zaure. Gidan da kuka wuce jiya kuna toshe hanci, yau ku leƙa ku ji kamar ku kwaso iyali ku tare. Yakan ce mai saye ba kayan mai gida ya zo kallo ba, wurin da zai ajiye nasa yake nema, to a ba idonsa fili. Da wannan yake ciyar da iyalinsa, kuma duk aikin da yake samu ta hannun Nagoma yake zuwa.

Wata rana, rani ya yi nisa, Nagoma ya same shi ya ce, "Sallau, ga aiki, amma sai ka daure. Gidan marigayi Barau masaƙi ne. Matarsa, Iya Tabawa, za ta sayar ta koma wurin 'yarta a ƙetaren kogi. Ayarin fatake zai tashi kafin ruwa ya sauka, da su za ta tafi. In ta rasa su, kogi ya cika, sai kuma baɗi. Ka yi sauri."

Sallau ya ce, "To, maigida. Allah ya ba mu iko."

Ya je gidan ya yi sallama. Jama'a, ko zauren bai iya shiga da faɗinsa ba, sai da ya karkace. Tsofaffin zana, itatuwan saƙa, karyayyun gadajen kara, duk an jibge su hagu da dama, an bar wata 'yar hanya kamar ta akuya. Tsakar gida kuwa tukwane ne, masu lafiya da fasassu, randuna, tuluna, ƙore, fayafayai, turame har da tsagaggu. Ɗakuna cike suke da adudu kan adudu, tsumma kan tsumma, har tagogi sun toshe. Tun ranar da aka kawo Iya Tabawa gidan tana amarya, abin da ya shiga bai sake fita ba.

Ga ta nan zaune a kan kujera 'yar tsuguno, tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idonta ya fara hazo. Suka gaisa. Sallau ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya ɗauki wani tulu mai fasasshen baki zai kai juji.

Ta daka masa tsawa, "Kai, ajiye!"

Ya ce, "Iya, ai ya fashe."

Ta ce, "Na san ya fashe. Ina wurin ya fashe. Ɗana Ilu ne ya fasa shi, ranar da ya fara tafiya. Ya dafa shi zai miƙe, suka kife tare, ya jiƙe sharkaf yana ta dariya. Bai ga wata damina ba, ƙyanda ta ɗauke shi."

Sallau ya tsaya da tulu a hannu. Sai ya ajiye shi a hankali, ya nemi wuri ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Iya, ba ni labarinsa."

Ta ba shi. Ta ba shi labarin Ilu, ta ba shi na mai bi masa, ta ba shi na tagwayen da ba su kai ranar suna ba. Haihuwa ta yi da yawa, amma 'ya ɗaya Allah ya bar mata, Yalwa, wadda ke aure a ƙetaren kogi. Har aka kira azahar ko tsinke bai fita daga gidan ba.

To ku da kuke zaune a nan, wa zai iya? Tsohuwarka da ta haife ka ta fara ba ka labari, kafin ta kai tsakiya ka zaro waya kana latsawa. Wannan kuwa ba uwarsa ba ce, aiki ya zo yi, dillali kuma yana ta aiko masa da saƙon ya yi sauri. Amma ya gane cewa abin da shi yake gani tarkace, ita mutanenta take gani. In ya fizge da ƙarfi, gidan zai yi fes, tsohuwa kuwa za ta karye.

Washegari sai ya sake dabara. Ya dafa wani turmi mai kyau ya ce, "Iya, wannan jaki ba zai ɗauke shi zuwa ƙetare ba. A unguwar nan wa kike ganin zai ji daɗinsa?"

Ta ce, "Matar mai gyaran takalma. Kullum aro take zuwa."

Ya ce, "A kira ta ki ba ta da hannunki."

Aka kira ta. Matar ta durƙusa tana godiya, tana sa albarka. Sallau ya lura fuskar tsohuwa ta saki. Ya ɗauko randa, "Wannan fa?" Ta faɗi suna. Ya ɗauko dutsen niƙa, ta faɗi suna. Itatuwan saƙar marigayi ta ce a kai wa wani da ya koyi saƙa a hannunsa. Haka aka yi ta yi, kaya na fita ɗaya bayan ɗaya, kowanne da labarinsa, kowanne da gidan da za shi. Wani lokaci ta ba da abu da safe, da yamma ta ce a karɓo mata, Sallau ya je ya ba da haƙuri ya karɓo, bayan kwana biyu ta sake bayarwa.

Fasassun tukwane kuwa, da ba mai so, ya ce mata, "Iya, waɗannan ba juji za su ba. Daɓen ƙofar ɗakinki ya zaizaye. Bari in farfasa su in jera a ciki, su zauna a gidan da suka saba." Ta yarda. Ya jera tsingaron a daɓe, jere mai kyau kamar zanen tabarma, har da na tulun Ilu.

Sannu a hankali gida ya buɗe. Ashe tsakar gidan nan fili ne babba, ashe akwai bishiyar lemo a kusurwa da zana suka rufe. Ya buɗe tagogi, haske ya shiga ɗakunan da suka manta da rana. Ya shafe bango, ya zuba sabon yashi a zaure. Ita kanta Iya Tabawa takan tsaya tsakar gida ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Haka yake ranar da aka kawo ni."

Saura ɗaki ɗaya, na marigayi Barau. Duk ranar da Sallau ya nufe shi sai ta ce, "Bar wannan sai gobe." Gobe ta yi ta ce sai gobe. Da ya zama babu sauran wani wuri, ta kau da kai ta ce ya shiga. Ɗakin a cike yake har rufi da tsofaffin zana da damman kara. Ya yi ta janyewa yana fitarwa. Da ya janye na sama, sai ya ji wani abu kamar gari yana zubo masa a ka. Ya ɗauko tsani ya hau, ya dafa azarar da ke riƙe da rufin ɗakin. Yatsansa ya nutse a ciki kamar ya dafa tuwo. Ya taɓa ta kusa da ita, haka. Gara ta cinye su ta ciki, ta bar ɓawo. Rufin ƙasa ne mai nauyi a kai. In ruwan damina ya jiƙa shi, sai abin da Allah ya yi.

Ya sauko ya tafi wurin Nagoma ya gaya masa. Nagoma ya zo ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Wannan ne ya tayar maka da hankali? Kwaɓa ƙasa ka shafe azarar, ka bi da farar ƙasa. Wa zai sani?"

Sallau ya ce, "Maigida, ba zan iya ba."

Nagoma ya ce, "Kai da aikinka ke nan? Farar ƙasar da kake shafa wa bango fa, ba rufe muni take yi ba?"

Sallau ya ce, "Bangon da nake shafawa lafiyarsa lau, dauɗa ce kawai ta dushe shi. Ina wanke wa gida fuska ne don a ga kyan da yake da shi. Wannan kuwa kan mutane zai faɗo."

Nagoma ya yi tsaki ya ce, "Na riga na sami mai saye, jibi zai zo. Ka gama sauran aikinka, wannan ka bar mini."

Ranar da za a zo ganin gida, Sallau ya yi sammako. Ya yayyafa ruwa a tsakar gida, ya share, ya cika randa da ruwa mai sanyi ya rufe da sabon faifai, ya shimfiɗa tabarma gindin lemo, ya sa turaren wuta a zaure. Sannan ya leƙa ɗakin marigayi. Me zai gani? An ɗaure wani farin ƙyalle babba daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rufe rufin ɗakin gaba ɗaya. Kuma wallahi ya yi kyau. Haske ya shigo ta taga ya bugi ƙyallen, ɗakin ya fi kowane ɗaki a gidan ɗaukar ido.

Nagoma na tsaye bayansa. Ya ce, "Ka gani? Hannunka bai taɓa ba, ni na ɗaura. Ba a ce ka yi ƙarya ba. Bakinka kawai za ka kama."

To ku saurara, nan jarrabawar take. Da dillali ne kaɗai, da da sauƙi. Sai ga Iya Tabawa ta dogaro sanda ta zo ta kama hannun rigarsa. Ta ce, "Ɗan nan, ka rufa mini asiri. Madugun ayari ya aiko, sun kusa tashi. Ba ni da ƙarfin sake rufin ɗaki, ba ni da mai yi mini. In cinikin nan ya lalace, zan zauna a gidan da na rabar da kayansa, ko turmin daka ba ni da shi. Kuma ka dube ni. Kana ganin zan kai wani ranin? So nake in mutu a hannun 'yata."

Sallau ya dubi hannunta da ke riƙe da rigarsa. Tsohuwar nan ta shiga ransa. Ya san sunayen 'ya'yanta da ke kabari, ya ci tuwonta, ta saba kiransa ɗanta. Ya sunkuyar da kai.

Mai saye ya iso. Wani marini ne, Malam Kasimu, hannuwansa shuɗi da baba har gwiwar hannu. Tun daga zaure ya fara gyaɗa kai. Ya sha ruwan randa ya yi hamdala. Ya zauna gindin lemo ya miƙe ƙafa kamar gidan ya riga ya zama nasa. Ya duba ɗakin Iya, ya yaba daɓen ƙofa. Nagoma na gefe yana ta zuba, Sallau na biye da su a baya. Suka shiga ɗakin marigayi.

Malam Kasimu ya juya, ya sake juyawa, ya ce, "Masha Allah. Wannan ya fi ko'ina haske da iska. Nan yara za su riƙa kwana, su da kakarsu."

Sallau ya ji maganar ta sauka a ƙirjinsa. Ya dubi ƙofa, ga Iya Tabawa tsaye ta zuba masa ido. Ya dubi ƙasan ɗakin da shi ya share da hannunsa, ya ga inda za a shimfiɗa wa yaran tabarma, daidai ƙarƙashin azarar da yatsansa ya nutse. Ya ce a ransa, ni na gyara ɗakin nan har ya yi kyan da mutum zai so ya sa 'ya'yansa a ciki. In na yi shiru, kwalliyar da na yi ta zama tarko.

Sai ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Malam, kafin ka yanke magana, ɗaga ƙyallen nan ka duba sama."

Nagoma ya ce, "Kai, Sallau!"

Malam Kasimu ya dube su duka biyu. Ya sa sandarsa ya ɗage gefen ƙyallen. Garin itace ya zubo masa a hula. Ya soka sandar a azara, ta shige. Ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya sauke kai ya dubi Nagoma, kallo ɗaya. Ya kaɗe hularsa, ya sa takalmi, ya fita.

Nagoma ya nuna Sallau da yatsa ya ce, "Daga yau ko akurkin kaji za a sayar a garin nan, ba za ka share shi ba." Ya fizge ƙyallensa ya tafi.

Iya Tabawa kuwa ta sulale ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kururuwa ba. Cewa ta yi, "Na ba ka labarin 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban gaya wa kowa ba na gaya maka. Ka sa na rabar da kayana, sannan ka kore mini mai saye. Tashi ka fita mini daga gida."

Kada ku ce daɗi ya ji don ya faɗi gaskiya. Bai ji daɗi ba. Ya koma gida da la'asar, aka kawo abinci ya kasa ci. Ba aikin da ya rasa ne ya fi damunsa ba. Tunani yake, na tsare 'ya'yan marini, wannan daidai ne, ko yanzu aka maimaita haka zan yi. Amma nauyin gaskiyar nan a kan wa ya sauka? A kan tsohuwar da ba ta da kowa. Ni na faɗa na taho gida, ita na bar ta zaune a ƙasa.

To a bayan ɗakinsa akwai azarar giginya da ya daɗe yana tarawa, yau ɗaya, wata mai zuwa ɗaya. Shi da matarsa Kande da 'ya'yansu duk a ɗaki ɗaya suke, ya yi mata alkawarin bana zai ɗaga mata nata. Ya same ta tana tankaɗe, ya zauna ya gaya mata duk abin da ya faru. Sannan ya ce, "Kande, ina so in roƙe ki azarar nan."

Ta tsayar da rariya. Ta ce, "Azarar ɗakina?"

Ya ce, "Ita."

Ta ce, "Malam, kai ka faɗi gaskiya, ni ce zan biya? Damina nawa ina jiran ɗakin nan?"

Ya ce, "Shi ya sa nake tambayarki. Hakkinki ne. In kin ce a'a, ba zan taɓa ko ɗaya ba, ba kuma zan riƙe ki a rai ba."

Ta ci gaba da tankaɗe har gari ya kusa ƙarewa. Can ta ce, "Ita 'yar tata ta san tana tafe?"

Ya ce, "Ta sani. Ita ta aiko a taho da ita."

Kande ta ce, "To kullum tana bakin hanya ke nan tana dubawa." Ta kaɗe rariya. "Kwashe ka kai. Amma ka sani, in ruwa ya sauka, kai ne mai kwana bakin ƙofa inda feshi ke shigowa."

Ya ce, "Na yarda."

Da safe ya fara jigilar azara a kafaɗa. Ya yi sallama a gidan Iya Tabawa, ba ta amsa ba. Ya hau ya fara sauke tsohon rufi, ba ta ce ya bari ba, ba ta ce sannu ba. Maƙwabta suka ji ƙarar ƙasa na zubowa suka leƙo. Da suka gane abin da ake ciki, maza suka kama masa, mata suka yi ta jan ruwa ana kwaɓa ƙasa. Ita dai tsohuwa tana ɗakinta. Sai dai kullum rana ta take, Sallau ya sauko ya tarar da ƙwaryar kunu a gindin tsani, an rufe da faifai, ba wanda ya ce ga mai ajiyewa.

Kafin sabon rufi ya bushe, ayari ya tashi. Ta bayan katangar gidan suka bi, ana jin kukan jakuna da hayaniyar fatake. Iya Tabawa ta fito ta tsaya ta saurara har sautin ya ɓace, ta koma ɗaki ta saki asabari.

Ran da rufi ya bushe, Sallau ya wanke ƙafa ya tafi karofi, inda marina ke aiki. Malam Kasimu ya ɗago daga bakin rami ya ce, "A'a, mutumin ƙyalle ne."

Sallau ya ce, "Ni ne, Malam. An sake rufin ɗakin. Ka zo ka duba, ka taho da abin da za ka soka."

Ya zo da wani ƙarfe mai tsini. Ya bi azarar ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ya bi na sauran ɗakuna, ƙarfe bai shiga ko'ina ba. Sai ya juyo ya ce, "Kai zan tambaya, ba dillali ba. Akwai sauran abin da ban gani ba?"

Sallau ya ce, "Akwai. Rijiyar takan ja baya in rani ya tsananta. Katangar baya kuma za ta so yaɓe baɗi."

Malam Kasimu ya yi dariya ya ce, "Na saya." Aka kira shaidu, aka yi ciniki, Iya Tabawa ta sallama. Nagoma ma ya ji labari ya zo ya karɓi la'adarsa, bai ko dubi inda Sallau yake ba.

Gida ya sayu, amma ayari ya yi gaba, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. Sallau ya san manyan ayari sukan yi zango a bakin kogi, don ƙetare da kaya da dabbobi ba aikin yini ɗaya ba ne. Ya je ya ari jaki, ya ɗora tsohuwa da 'yan ƙunshinta, ya kama igiya suka bi sawu. Tafiya suke, ya tsaya ya ba ta ruwa, ya gyara mata zama, ya nema mata inuwa, ita kuwa ba ta ce masa uffan ba. Allah da ikonsa, suka iso bakin kogi ana ƙetarar da kayan ƙarshe, ruwa bai wuce cinya ba. Madugu ya gane ta, ya ce a kawo ta.

Sallau ya zo zai sauke ta, sai ta riƙe hannunsa. Ta ce, "Ɗan nan, tsaya. Na san da garar nan."

Ya dube ta.

Ta ce, "Tun Malam Barau yana da rai na gan ta. Ya ce zai gyara, ciwo ya kwantar da shi. Bayan ya rasu, duk ranar da na ɗaga kai na gani sai gabana ya faɗi, sai in ƙara jibga zana don kada in gani. Ran da mutumin nan ya ce yara za su kwana a ciki, na ji shi sarai. Ni da na binne nawa, na ji, na kuma yi shiru. Da ka biye mini, da wane ido zan dubi jikokina?" Hawaye ya zubo mata. Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya gina maka ɗakin da gara ba ta shiga, kai da matar da ta ba da azararta."

Sallau ya ce amin. Ya goya ta a bayansa ya ƙetare da ita, ya danƙa ta a hannun madugu, ya juyo da jakin mutane.

Daminar nan an yi ruwa mai yawa. Sallau ya kwana bakin ƙofa kamar yadda aka yi alkawari. Nagoma kuma ya cika maganarsa, bai sake kiransa ba, sai da Sallau ya koma kwaɓa wa magina ƙasa kafin ya ciyar da gida. An daɗe a haka. Daga baya ne masu sayen gida suka fara cewa su sai gidan da Sallau ya gyara, don in ya yi shiru sun san babu abin faɗa. Bai yi arziki ba, ɗan yaɓe ya rayu, ɗan yaɓe ya koma ga Ubangijinsa. Amma 'ya'yan marini sun girma a ɗakin nan lafiya, tsohuwa kuma ta cika a hannun 'yarta.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gyara kayan sayarwa ba laifi ba ne. Share gidanka, shafa masa fenti, buɗe tagogi, sa turare, ka nuna kyan da Allah ya ba shi. Amma ɓoye aibin da zai cuci mai saye haramun ne, ko da hannunka ka rufe, ko wani ya rufe kai ka kama baki. Kai mai gidan haya da ka bi bangon da ke tsattsafo da ruwa da sabon fenti, kai mai mota da ka zuba wa inji baƙin mai mai kauri don ya yi shiru ranar ciniki, ke mai awo da kika sa tsabar kirki a saman buhu, kowa ya san farin ƙyallen da ya ɗaura. Kuma kada tausayin wani ya sa ka cuci wani, domin wanda ba ya wurin shi ma yana da 'ya'ya.

Na biyu, wanda mu masu son faɗin gaskiya muka fi mantawa. Da yawanmu mun iya faɗarta mu kaɗe riga mu tafi, mu bar wanda ta faɗa wa a kai yana zaune a ƙasa. Sallau ya faɗi gaskiya, sannan ya koma ya sa kafaɗa ya ɗauki nauyinta. In ka tona ɓarna, ka tsaya a gyara da kai.

Yau in kun koma gida, kowa ya ɗaga kai ya dubi abin da ya daɗe yana jibga wa kaya don kada ya gani, a cinikinsa ne, ko tsakaninsa da iyalinsa, ko tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ya janye kayan, ya gyara tun ruwa bai sauka ba. Allah ya ba mu ikon yi, ya sa mu cika da gaskiya. Ku ce amin.